Fuskata tana raɗaɗi ko ruwan alwala ya taɓa ta, ga biki saura wata huɗu

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce, shekarata 24, ina zaune a Ƙofar Kaura cikin birnin Katsina. An sa ranar bikina, saura wata huɗu. Tun ina sakandare nake fama da ƙurajen fuska, kowanne in ya mutu sai ya bar mini baƙin tabo. Da aka sa rana sai na ce bari in tashi tsaye. Na bi bidiyoyin TikTok na sayi siram na bitamin C, da niyasinamaid, da retinol, da tona mai gilaikolik asid, da sabulun ruwa mai salisilik asid, da man benzoyil feroksaid na ƙuraje. Ɗiyar gwaggona kuma da ke sana'ar haɗa mai ta ba ni wani a roba marar rubutu, ta ce na hasken amare ne. Duka nake shafawa safe da dare, yau sati shida. Da farko fuskata ta yi fes, kowa na yabawa. Yanzu tana saɓa, gefen baki da na hanci sun tsattsage, ko ruwan alwala ya taɓa ta sai raɗaɗi, tabon kuma ya ƙara duhu. 'Yar'uwar tawa ta ce alama ce yana aiki, in daure. Don Allah Anti, wanne zan fara shafawa, wanne zai biyo baya?

Ƙanwarki, daga Katsina.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin da rai da lafiya.

Kin tambayi wanne za ki fara wanne zai biyo baya. A halin da fuskarki take yau, babu ko ɗaya. Daren nan ki tattara kayan nan bakwai ki zuba a leda ki ɗaure bakinta. Maganar jeri za ta zo, zan kuma yi miki ita, amma fatar da ruwa zalla ke yi wa zafi ba ta cikin halin karɓar magani kowane iri.

Raɗaɗin nan ba alamar aiki ba ce. A can saman fata akwai wani siririn rufi na matattun ƙwayoyin fata da maiƙo ke riƙe su, kamar tubali da laka a jikin katanga. Shi ke hana danshin jiki tsanewa, shi ke hana ƙura da sabulu kaiwa ga nama. Cikin kayan da kika lissafa, huɗu aikinsu ke nan su kankare wannan rufin ko su busar da shi: retinol, gilaikolik, salisilik da benzoyil. Bitamin C kuma shi ma tsami ne da shi. Kowannensu shi kaɗai fata tana iya ɗauka in an bi ta sannu. Ke kin tara mata su duka, sau biyu a rana, kuma cikin hunturun Katsina, lokacin da ko wadda ba ta shafa komai leɓenta ke fashewa ƙafarta na faso.

Ga abin da masu bidiyo ba su cika tsayawa a kansa ba, domin da yawansu ba irin fatarmu gare su ba. Baƙar fata tana da saurin amsa rauni da launi. Duk inda ta ji ciwo, ko ƙurji ne, ko ƙuna, ko cizon sauro da aka sosa, ƙwayoyin da ke yin launin fata sai su ƙara zuba shi a wurin. Shi ya sa kowane ƙurji ke bar miki tabo. To ƙunar da mayuka suka yi miki ita ma rauni ce, fatar kuma ba ta bambanta ta da ƙurji. Kin sayi kaya don su goge tabo, suka ƙona fuskar, ƙunar ta haifi sabon duhu. Garin neman gira ana shirin rasa ido. Ki riƙe wannan da kyau, domin duk shawarar da za ta biyo baya a kansa ta tsaya: a fata irin tamu, abin da ya yi zafi sosai yakan bar baƙi.

Robar nan marar rubutu ita ta fi tsaya mini a rai. Ba zan ce ga abin da ke ciki ba tunda ba a rubuta ba, amma labarin da kika bayar sananne ne: haske cikin sati biyu, fuska ta yi sumul, ƙuraje su kwanta kamar an yi ruwa an ɗauke. Kayan gyaran fata na gaskiya ba sa wannan saurin. Abin da ke yin haka yawanci sitiroyid ne, maganin da likitoci ke rubutawa don ƙaiƙayi da kumburin fata na 'yan kwanaki. Masu haɗi sukan matse 'yan tub ɗinsa cikin man shafawa su juya. A jikin tub za ki ga an rubuta betamethasone ko clobetasol. In aka daɗe ana shafa shi a fuska, fata takan yi siriri har a riƙa ganin ƙananan jijiyoyi a kumatu, gashi ya tsiro inda babu, ƙuraje su dawo ninki, a jiki kuma nankarwa ta fito mai faɗi wadda ba ta komawa. Wasu haɗe-haɗen akwai haidurokwinon, wanda in aka ɗauki shekaru ana amfani da shi yake bar wa mace wannan baƙin mai kama da shuɗi a saman kumatu, irin wanda kike gani a fuskar waɗanda suka daɗe suna bilicin. Wasu har da makyuri, wanda ke taɓa ƙoda. Hukumar NAFDAC ta hana sa sitiroyid da makyuri a cikin man kwalliya, amma robar da aka cika a tsakar gida ba ta bi ta hannun kowa ba.

Ki shirya wa wani abu: in da sitiroyid a ciki, bayan kin daina fuskar na iya ƙara rikicewa na sati ɗaya zuwa 'yan makonni. Ja, ƙaiƙayi, ƙananan ƙuraje a kewayen baki. A nan ne mata da yawa ke komawa ga robar, su ce ai da ita ta fi. Kada ki koma. In abin ya yi tsanani, ko fuskar ta kumbura, ko ta fara fitar da ruwa, ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko Babban Asibiti, ki nemi a haɗa ki da likitan fata, ki kuma tafi da robar a jakarki ya gani. Ni da za ki bi tawa, ko ba ta yi tsanani ba za ki je, tunda akwai rana a gabanki.

Sati biyu zuwa uku masu zuwa, abu uku kawai za su taɓa fuskarki. Sabulun wanke fuska mai laushi marar ƙamshi, sau ɗaya da dare. Man da ke riƙe danshi, marar turare, marar alkawarin haske, ki duba wanda aka ce akwai gilisarin ko seramaid a ciki. Sai man kariyar rana da safe. Inda ya tsage a gefen baki da hanci ki ɗan goga baselin da dare. Sabulun salo ki bar wa jiki tukuna. Na san akwai masu rantsuwa da shi, amma fata ɗan tsami-tsami gare ta, ma'auninta na pH wajen 5 ne, shi kuwa sabulun gargajiya yakan kai 9 ko 10, don haka yake bar fuska tana ɗaurewa bayan wanka. Soso, lemun tsami, garin kanwa, ruwan zafi mai tururi da muke so da hunturu, duk ki ɗaga musu ƙafa.

Wani abin da ba za ki ji a bidiyon 'yan Amurka ko Koriya ba shi ne mu muna wanke fuska sau biyar a rana ko fiye. Ruwan alwala ba laifinsa, amma in ya bushe a fuska cikin iskar hunturu yana tafiya da danshin fata. Ki ajiye ƙaramar robar mai kusa da sallayarki, kina idar da salla ki ɗan shafa. Haka man kariyar rana: wanda kika shafa da ƙarfe takwas, alwalar Azahar ta rage shi, in za ki sake fita sai ki sake shafawa.

Na lura cikin kaya bakwai da kika lissafa babu man kariyar rana, alhali shi ya kamata ya zo farko. Ana cewa baƙar fata ba ta buƙatarsa. Gaskiya ba mu cika ƙonewa kamar Turawa ba, amma tabo rana ce ke ciyar da shi. Ki shafa duk abin da kika ga dama da dare, in da hantsi kin hau napep zuwa Babbar Kasuwa fuska a buɗe, kin mayar da hannun agogo baya. Hijabi ya rufe wuya da kunne, amma goshi da kumatu da hanci, inda tabon yake, suna waje. Gilaikolik ma ƙara wa fata jin rana yake, har bayan an daina shi da kamar mako guda. Ki nemi mai lamba SPF 30 ko sama, ki ja layi biyu a tsawon yatsu biyu, shi ne adadin fuska da wuya. In kin samu mai ɗan launin hoda ya fi, domin yana kare har hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara duhun tabo a fata irin tamu, kuma ba ya bar miki wannan furu-furun toka.

Yaushe za ki san ta warke? Ranar da kika wanke fuska, kika shafa mai, ba ki ji komai ba, kuma aka jera kwanaki haka babu saɓa. Sai mu zo ga tambayarki.

Dokar haɗi ba ta da yawa. Masu kankare fata ba sa kwana ɗaya a fuska: retinol daren yau, to babu gilaikolik babu salisilik a daren. Retinol da danginsa na dare ne, haske yana lalata wasunsu. Benzoyil yana iya kashe ƙarfin retinol da tiretinoyin, ɗan'uwansa da likita ke rubutawa, in aka shafa su lokaci guda, yana kuma lalata bitamin C, don haka ake raba su, ɗaya da safe ɗayan da dare. Adafalin, wani daga cikin dangin retinol, an san yana jure zama da benzoyil, har akwai maganin da aka haɗa su a tub ɗaya. Niyasinamaid kuwa ɗan zaman lafiya ne, yana tafiya da kusan kowa. Maganar da ake yawo da ita cewa ba a haɗa shi da bitamin C tsohuwar magana ce, ba abin damuwa ba ne a kayan yanzu. Sai dai ki duba ƙarfinsa: kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ya wadatar, masu kashi 10 sukan sa wasu ƙaiƙayi. Jerin shafawa kuma daga mai ruwa-ruwa zuwa mai kauri ne, man kariyar rana a ƙarshe da safe.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne a shigo da su ɗaya bayan ɗaya, a bar aƙalla sati biyu tsakani. Yanzu da na tambaye ki wanne ne cikin bakwai ɗin ya fi ɓata miki fuska, ba za ki iya cewa ba, ni ma ba zan iya ba. In ɗaya kika ƙara, kika ga canji, kin san mai laifi. Kafin ki kai sabon abu fuska ki gwada shi a ƙasan muƙamuƙi kwana uku.

Bari in faɗa miki abin da zan zaɓa da ni ce ke, ko da yake ba zai yi miki daɗi ba tunda kin riga kin kashe kuɗi. Retinol zan ajiye shi gaba ɗaya. Ba don ba ya aiki ba, yana cikin waɗanda suka fi aiki a kan ƙuraje da tabo. Amma yana ɗaukar sati 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa, a farko ma yakan ƙara fito da ƙuraje, ga shi ke za ki ci kusan wata guda kina jinyar fata. Daidai lokacin da zai fara biyan ki, lokacin ne za ki daina shi, domin ba a amfani da retinol da danginsa ga mai ciki ko mai sa ran ciki, amarya kuwa ba ta san watan da Allah zai kawo rabo ba. Ƙwayarsa ta sha da ake kira isotiretinoyin ta fi haɗari nesa ba kusa ba, tana nakasa ɗan tayi, kada wani mai kemis ya miƙa miki ita don biki ya matso.

A madadinsa ki tambayi azelaik asid. Ba shi da suna a TikTok kamar sauran, amma yana taɓa abu biyun da ke damunki, ƙuraje da tabo, ba ya haskaka fata fiye da asalin launinta, kuma yana cikin 'yan kaɗan da likitoci ke bari ko da ciki. Na kwalliya kashi 10 ne, na magani 15 ko 20. Yakan yi ɗan tsikari na 'yan mintuna a kwanakin farko, wanda ya bambanta da raɗaɗin da kike ji yanzu. Ki fara da dare ɗaya ki tsallake biyu, kwatankwacin ƙwayar wake ga fuska duka, a busasshiyar fata, ki bi da mai. In sati biyu sun wuce lafiya ki ƙara. Bayan nan niyasinamaid ɗinki ya shigo da safe. In har yanzu goshi da hanci na maiƙo, musamman bazara ta shigo ana zufa, sabulun salisilik ɗin ya dawo sau biyu a mako. Tonar gilaikolik ki mayar da ita ga gwiwa da gwiwar hannu, can ta fi amfani.

Benzoyil ki riƙe shi don ƙurjin da ya taso ja mai ciwo, ki ɗiga a kansa kaɗai. Mai kashi 2.5 yana yin aikin da mai kashi 10 ke yi, da ƙarancin ƙuna. Ki kuma duba bakin hijabinki da rigar matashinki. In kin ga wurin da launi ya koɗe ya koma ruwan goro ko fari-fari, daidai inda yadi ke taɓa haɓa, shi ne, yana cin launin tufa. Kada ya kusanci kayan lefe. Tunda muna maganar hijabi, in ƙurajen sun fi yawa a layin goshi da gefen fuska, ki duba man kitson da kike shafawa da kuma sau nawa ake wanke ɗankwali da hular ciki. Wani lokaci maganin a nan yake, ba a kwalba ba.

Ɗauko kwalbar bitamin C ɗinki ki ɗiga a farin faranti. Sabo yakan zama kamar ruwa ko ɗan rawaya kaɗan. In ya koma ruwan lemo mai duhu ko kalar shayi, yana ɗan ƙarnin ƙarfe, iska da zafi sun gama da shi, ki zubar. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga wuta ba tabbas balle a dogara da firji, kwalbar da ta yi watanni a kantar shago ko gefen taga da wuya ta kai labari. In za ki sake saya nan gaba, ƙarama, mai duhun gilashi, daga kemis ɗin da ke da ƙwararren mai haɗa magunguna, ki kuma ajiye ta can ƙasan durowa. Amma ba dole ba ne. Da azelaik da niyasinamaid da man kariyar rana kin riga kin samu abin da kike nema a wurinsa.

Sai gyaran jiki, wanda na san ba za a yi bikin ba sai da shi. Dilka gurza ce, halawa kuwa tana ɗaye saman fata tare da gashi. Fatar da ta sha asid ko retinol ko sitiroyid, in aka ɗora mata halawa tana iya biyo ta, a tashi da jan ciwo a gefen gira ko saman leɓe, ya warke ya bar tabo ana saura kwana biyar kamu. Don haka mako guda kafin a fara, ki tsayar da duk mai kankara, ki koma kan abu ukun nan na farko. Ki gaya wa mai gyaran abin da fuskarki ta shiga, ki ce a fuska a sassauta hannu, in ma za ta yarda a bar fuskar a yi jiki kawai ya fi. Ki tambaye ta me ta zuba a haɗinta. Kurkur da lalle da man kaɗanya kowa ya san su. In ta ce sirri ne, kada ya hau fuskarki. Kuma daga saura sati huɗu kada ki gwada sabon abu ko wa ya kawo shi, ko da ƙawar amarya ce ta rantse da shi.

Kada in yi miki alkawarin da ba zan cika ba. Wata huɗu ba zai share tabon shekaru ba, tabo yakan ɗauki wata shida zuwa shekara, mai zurfi ma ya fi haka. Abin da za ki iya samu kafin ranar shi ne fata mai laushi da ba ta saɓa, ƙuraje sun ragu, tabo ya dishe. Mai kwalliya za ta gaya miki rufe tabo abu ne mai sauƙi a wurinta, amma hoda ba ta zama a fatar da ke ɓarewa, sai ta taru gutsi-gutsi a gefen hanci, kyamara kuma ta kama.

Ɗiyar gwaggonki kuwa, ba sai kin yi faɗa da ita ba. Mai yiwuwa ita ma haka aka koya mata, kuma da zuciya ɗaya ta ba ki. Ki ce mata fatarki ba ta karɓa ba, kin dakata da komai sai kin ga likita, wanda kuma gaskiya ce. In ta matsa, ki roƙe ta ta nuna miki kwalayen abubuwan da ta zuba, ki ɗauki hotonsu a waya ki tafi da shi asibiti. Likitan zai fi sanin yadda zai janye ki daga kansa in ya ga sunan abin da ƙarfinsa.